2.2 Kafuwa da Bunƙasar Gidan Marasa Matsuguni na Pacific Garden a Shikago

A wannan sashe za a yi ƙoƙarin bin diddigin yadda gidan Pacific Garden ya faro daga ɗan ƙaramin ɗakin wa'azi har ya zama ɗaya daga cikin tsofaffin gidajen marasa matsuguni na Kiristoci a ƙasar Amurka.

An kafa wannan gida ne a shekarar 1877, wato shekara shida bayan gobarar da ta cinye babban ɓangaren birnin Shikago a 1871. Waɗanda suka kafa shi su ne Kanar George Clarke da matarsa Sarah Dunn Clarke. Sun fara da ɗaki guda a titin Clark, a unguwar da ta yi ƙaurin suna wajen mashaya da caca. Manufarsu ta farko ita ce wa'azi. Sai dai masu halartar wa'azin yawancinsu ba su da abinci, ba su da wurin kwana, don haka a hankali ciyarwa da ba da makwanci suka shiga cikin aikin.

A shekarar 1880 aka koma titin Van Buren, cikin wani gini da a da mashaya ce mai suna Pacific Beer Garden. Daga nan gidan ya samo sunansa, bayan an cire kalmar giya. Da Kanar Clarke ya rasu a 1892, sai Harry Monroe ya karɓi ragamar shugabanci, ita kuwa Sarah ta ci gaba da hidima har tsufanta. A wannan zamani ne Billy Sunday, ɗan wasan da ya zama shahararren mai wa'azi, ya tuba ta dalilin gidan.

A 1923 gidan ya sake ƙaura zuwa titin State, inda ya shafe fiye da shekara 80. A nan ne aka buɗe sashen mata da yara da kuma ɗakin shan magani. Haka nan a 1950 aka fara shirin rediyo mai suna Unshackled, wanda ya yaɗa sunan gidan ya kuma jawo masu ba da gudummawa.

Ƙaura ta 2007 zuwa titin Canal ta bambanta da na baya. Sauran an yi su ne don neman fili a kusa da mabuƙata, ita kuwa wannan ta biyo bayan buƙatar hukumomin birni ta faɗaɗa makarantar Jones da ke maƙwabtaka da gidan, a lokacin da unguwar ta riga ta yi tsada.

Daga bayanan da suka gabata za a fahimci cewa bunƙasar gidan ta rataya ne a kan abubuwa biyu: buƙatun talakawan da yake yi wa hidima, da kuma sauye-sauyen birnin da yake ciki.