Katangun Gidajen Gandun Sarkin Kano

In ana zancen tsofaffin gine-ginen ƙasar Hausa, ganuwa ake fara ambata, ko dai ta manyan birane, ko ta garuruwan bakin daga irin na ƙasar Ruma da suka sha fama da harin Maraɗawa. Ba a cika tunawa da wata irin katanga ba, watau wadda ta kewaye gidajen da sarakuna suka gina a gandayensu na bayan gari.

Sarakunan Kano suna da irin waɗannan gidaje a Fanisau da Ɗorayi da Nassarawa. A Fanisau ne Bature Kilafatan ya iske Sarki Ibrahim Dabo a 1824, ana cikin yaƙi da Ɗan Tunku. Gidan Nassarawa kuwa daga baya ya zama makwancin sarakuna, can aka binne Alhaji Ado Bayero a 2014. A da, cikin katangun nan akwai rumbuna da turakun dawaki da itatuwan inuwa, bayansu kuma gonaki ne da bayin sarki ke nomawa.

Da tubalin ƙasa ake ɗora katangar, gindi da kauri, tana sirancewa har sama, sa'an nan a shafe ta da makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa. To, ga inda gizo ke saƙar: ginin ƙasa bai yarda da sakaci ba. Kowace shekara in damina ta ɗauke sai an bi shi da yaɓe, kuma bayin gandu ne ke wannan aiki. Da bauta ta ja baya, har doka ta soke ta a 1936, hannuwan da ke yaɓen suka ragu, siminti kuma ya shigo.

Doka dai akwai. An kafa ta kayan tarihi a 1953, aka sa ganuwar Kano cikin abubuwan da gwamnati ke karewa a 1959, aka kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa a 1979. Amma duk mai ido ya ga abin da ya rage na ganuwar, balle katangar gandu. A Ingila, in an sa gidan wani basarake cikin lissafin gine-ginen tarihi, tsohuwar katangar lambunsa ma ta shiga, ba a rushe ta sai da izini. A nan kuwa, da rikicin sarautar Kano ya tashi a 2024, gwamnatin jiha ta ce za ta rushe katangar gidan Nassarawa ta sake gina ta don ta lalace. Gardamar da ta biyo baya duk kan wanda ke zaune a gidan aka yi ta.