Yadda Wuta da Ruwa Suka Gina Ƙasar Garwa

Tsaunukan Tingelin da ke arewa da birnin Garwa na Kamaru, masu shimfiɗaɗɗen kai kamar faifai, su ne shaidar farko ta yadda wannan ƙasa ta samu. Sama da shekara miliyan 100 da suka wuce, lokacin da Afirka ke rabuwa da Kudancin Amurka, ƙasa ta tsage daga gaɓar teku ta nausa arewa maso gabas. Tsagar ba ta kai ga raba nahiyar ba, sai ta bar kwari mai zurfi, wanda Kogin Binuwai ke bi a yau. Koguna suka yi ta jibge yashi a ciki, har ya daskare ya zama dutse. A kan wannan dutsen yashi Garwa take zaune. A yankin Mayo Rey ma har yanzu ana ganin sawun dainoso da suka taka taɓo a wancan zamani.

Daga nan sai wuta ta karɓa. Kimanin shekara miliyan 30 da suka shige, narkakken dutse ya yi ta ɓullowa a ƙasar Kapsiki, kan tsaunukan Mandara. Mai kaurin cikinsa ya daskare a maƙogwaron duwatsu masu aman wuta tun bai fito ba. Ruwa da iska suka cinye jikin dutsen sannu a hankali, suka bar tsakiyar a tsaye ƙiƙam. Dogayen duwatsun Rumsiki da baƙi ke zuwa kallo ke nan. Suna cikin jerin duwatsu masu aman wuta mai tsawon kusan kilomita 1,600, wanda ya faro daga tsibiran Tekun Atlantika, ya bi ta Dutsen Kamaru, ya kai tudun Ngaundere, inda tafkunan Tison da Mbalang suka cika tsofaffin bakunan wuta. Kuma jerin bai mutu ba: iskar da ta fashe daga Tafkin Nyos a 1986 ta kashe mutum fiye da 1,700, Dutsen Kamaru kuma ya yi amai a 1999 da 2000.

Yanayi ma bai taɓa zama wuri ɗaya ba. Wajen shekara 20,000 da suka wuce fari ya yi tsanani, rairayin hamada ya gangaro kudu har ya tara tuddai a yankin Kalfu. Bayan haka damina ta dawo da ƙarfinta. Kimanin shekara 7,000 baya, Tafkin Chadi ya kumbura ya mamaye kusan murabba'in kilomita 350,000. Tsohuwar gaɓarsa tana nan, doguwar kunyar yashi daga Yagwa zuwa Limani, ta zarce Bama a Borno. Da tafkin ya cika ya batse, sai ruwan ya kwararo ta Mayo Kebbi ya faɗa Binuwai, ya wuce ta bakin Garwa zuwa Kogin Neja da teku. Kwalekwalen Dufuna da aka gano a Yobe a 1987, mai shekara kusan 8,000, ya nuna mutane sun rayu a wannan zamani na ruwa.

Da ruwan ya janye, sai ya bar baƙar laka a filaye da kwaruruka, wadda Fulani ke kira karal. Da rani takan tsattsage har hannu ya shiga, da damina ta sha ruwa ta riƙe. A cikinta ake dasa dawar masakwa bayan ɗaukewar ruwa, ta nuna ba tare da ɗigon ruwan sama ba. Tun da aka kammala madatsar Lagdo a 1982, ambaliyar da ke jiƙa irin waɗannan filaye a kwarin Binuwai ta ragu.

Ƙasar da ta ɗauki dubban shekaru kafin ta haɗu, sare itatuwa da zaizaya na iya kwashe ta cikin 'yan damuna. Wajibi ne manoma da makiyaya da hukuma su haɗa kai su kare ta, domin ita ce abincin jikokinmu.