Gandun Jazira: Ruwa, Auduga da Mulki a Tarihin Sudan

Gabatarwa

Masu nazarin tarihin Sudan sukan tsaya ga sarakuna da yaƙe-yaƙe, alhali kuwa a mafi yawan ƙarni na 20 gona guda ce ta ɗauki nauyin baitulmalin ƙasar. Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin gandun Jazira, domin a ga yadda shimfiɗar ƙasa ta haifi tsarin noma, shi kuma ya ɗaure gwamnati da talakawa da igiya ɗaya.

Shimfiɗar Ƙasa

Jazira, watau tsibiri da Larabci, ita ce filin da ke tsakanin Shuɗin Nilu da Farin Nilu kafin su haɗu a Hartum. Ƙasarta baƙin laka ce mai riƙe ruwa, sa'an nan ta ɗan karkata daga gaɓar Shuɗin Nilu. Saboda haka in an datse kogin, ruwa zai bi magudanai da kansa ya isa gonaki ba da injin ba.

Kafuwar Gandun

Bayan Ingila da Masar sun kafa mulkin haɗin gwiwa a 1899, gwamnati ta buƙaci kuɗin shiga, masaƙun Ingila kuma suna neman auduga mai dogon zare. An yi gwaji a Tayyiba a 1911, amma Yaƙin Duniya na Farko ya jinkirta aikin, sai a 1925 aka kammala madatsar Sinnar. Gandun ya fara da faddan 300,000, faddan kuwa ya ɗara eka kaɗan. Gwamnati ke da ruwa, kamfanin Turawa ke da shugabanci da ciniki, manomi ke da ƙarfi. Daga baya rabon riba ya tsaya a kashi 40 na gwamnati, 40 na manoma, 20 na kamfani. Ana kiran wannan tarayya, amma manomi ba shi da ta cewa game da abin da zai shuka ko ranar da zai sami ruwa.

Hannayen da Suka Tsinci Audugar

Akwai rukuni na huɗu wanda rabon bai ambata ba, watau 'yan ƙodago. Da yawansu mutanen yamma ne, Hausawa da Fulani da Barebari, waɗanda ake kira Fallata ko Takari. Wasu maniyyata ne da suka tsaya neman guzuri, wasu kuwa masu hijira ne da suka bi Muhammadu Bello Mai Wurno bayan an kashe mahaifinsa, Sarkin Musulmi Attahiru, a Burmi a 1903, suka kafa garin Mai Wurno kusa da Sinnar. Da farashin auduga ya faɗi a farkon shekarun 1930 wasu manoma suka yar da gonakinsu, baƙi suka karɓi wasu daga ciki. Duk da haka galibin 'yan ƙodago sun ci gaba da zama a sansanonin gefen gona, ba su da gonar kansu.

Bayan 'Yancin Kai

A 1950 hukumar gwamnati ta gaji kamfanin, a 1956 Sudan ta sami 'yanci. Yarjejeniyar ruwan Nilu ta 1959 da madatsar Rusairis ta 1966 sun ba da damar faɗaɗa noma, har gandun da ƙarin Manaƙil suka haura faddan miliyan 2. Sai dai dogaro da amfani ɗaya ya sa kasuwar waje ke juya kasafin ƙasa. Da aka fara fitar da man fetur a 1999 hankalin hukuma ya koma can, magudanai suka cushe da laka. Dokar 2005 ta sakar wa manomi mara ya shuka abin da ya so, amma a kan magudanan da ba a yashe ba. Ballewar Kudu a 2011 ta tafi da mafi yawan man, yaƙin da ya ɓarke a 2023 kuma ya ci Wad Madani, babban birnin jihar.

Kammalawa

Tarihin Jazira ya nuna cewa wanda ya riƙe bakin magudana shi ya riƙe mulki, kamfani ne ko hukuma. Tambayar da aka bari tun 1925 kuwa tana nan: mene ne rabon wanda ya tsinci audugar?