“Ai Itace Ne, Ba Ƙwaya Ba”: Ɗan Tarihin Ɓawon Itace Ga 'Yan Uwa Ɗalibai

'Yan uwa ɗaliban Arewa da ke karatu a nan Kudu. Rubutun na da ɗan tsawo, don Allah a daure a kai ƙarshe.

Daren Alhamis ɗin da ta wuce aka kira ni ɗakin wani ƙanenmu ɗan aji biyu. Na tarar da shi kwance a ƙasa yana ta amai, ƙafa ta ƙi ɗaukarsa, ƙirji sai dukan uku-uku. Abokin ɗakinsa ne ya fasa ƙwai: garin ɓawon saiwar iboga ya saya ta intanet, ya kalli bidiyo, ya ce zai tace sinadarin da kansa, wai zai raba shi da kodin. Allah ya sa an kai shi asibiti da wuri, yanzu ya fara warwarewa. Wanda ya gane shi ya rufa masa asiri.

Da na je dubiya sai ya ce min, “Yaya, ai itace ne, ba ƙwaya ba.” Wannan maganar ce ta sa na zauna rubutu, tunda harhaɗa magunguna nake karantawa, kuma na san da yawanmu haka muke tunani. Mun taso muna ganin jiƙon maɗaci da na marke a gidajenmu, sai muka ɗauka duk abin da ya fito daga sassaƙe lafiya lau ne. Tarihi bai yarda da haka ba.

Mu fara da kwinin. Itacen sinkona a tsaunukan Andes yake, wajen Peru da Bolibiya. Tun ƙarni na 17 Turawa ke daka ɓawonsa suna sha saboda zazzaɓin cizon sauro. Matsalar ita ce wani ɓawon na da ƙarfi, wani kuma holoƙo ne, ba mai iya bambancewa da ido. A 1820 wasu masana biyu a Paris, Pelletier da Caventou, suka ware kwinin daga ɓawon. Daga ranar likita ya samu abin da zai ɗora a sikeli.

Kun san abin ya shafe mu kai tsaye? A 1841 Ingilishi sun turo ayari ya shiga kogin Kwara, zazzaɓi ya kashe musu mutum sama da 40, suka juya. A 1854 Dakta Baikie ya shigo da jirgin Pleiad, ya haura Kwara da Binuwai, mutanensa na shan kwinin a aune kullum, ya fita ba tare da zazzaɓi ya kashe masa Bature ko ɗaya ba. Hanyar da ta kai Turawa Lokoja ke nan, daga baya kuma har garuruwanmu. Ku lura da kyau, awon ne ya cece su. Shi kansa kwinin idan ya yi yawa yana sa kunne ƙara, yana taɓa ido, yana rikita bugun zuciya.

Na biyu yohimbe, itacen dajin Kamaru da maƙwabtanta, har da kudancin ƙasar nan. Zamanin da Jamus ke mulkin Kamaru aka kai ɓawonsa Berlin, a 1896 Leopold Spiegel ya ware sinadarin yohimbin. Yau ana cusa shi cikin wasu magungunan ƙarfin maza, alhali yana ɗaga hawan jini, yana sa faɗuwar gaba da firgici. Ɓawon itace ne shi ma fa.

To mu zo kan iboga. Ƙaramin itace ne da ke fitowa a dajin Gabon da kudancin Kamaru da Kwango. Mabiya addinin gargajiya na Bwiti, irin su Mitsogo da Fang, suna cin ɓawon saiwarsa a bikin shigar da mutum cikin addinin. Ba a ɗaki mutum ke kulle kansa ya ci ba. Dattawan da suka gaji abin ne ke tsaye a kansa kwana da kwanaki, suna lura da shi, su ke cewa ya isa haka. Duk da wannan tsaron, su ma sun san akan rasa rai. Ba yabon al'adarsu nake ba, mu dai mun san hukuncin duk abin da ke gusar da hankali. Ina nuna muku ne cewa masu itacen ma tsoronsa suke.

A 1901 Faransawa biyu, Dybowski da Landrin, suka ware sinadarin ibogen. Daga 1939 aka riƙa sayar da wata ƙwaya a Faransa mai suna Lambarène, sunan wani gari a Gabon, a matsayin maganin gajiya, da ɗan mitsitsin sinadarin a ciki. 'Yan wasa suka mayar da ita abin ƙara kuzari, daga baya aka janye ta daga kasuwa.

Labarin da ya ja ƙanenmu ya samo asali ne a 1962. Wani saurayi ɗan shekara 19 a New York, Howard Lotsof, wanda hodar heroyin ta kama, ya sha ibogen don neman maye, sai ya wayi gari ba ya jin ƙishirwar hodar. Ya ƙarar da rayuwarsa yana neman a karɓi abin a matsayin magani. Amurka kuwa a 1970 ta sa shi a jerin ƙwayoyi mafi tsananin haramci. A 2000 gwamnatin Gabon ta ayyana iboga a matsayin dukiyar ƙasa, Faransa kuma ta haramta shi a 2007 bayan wani ya mutu a wajen shansa.

Me ke kisan? Zuciya. Ibogen na jinkirta wutar da ke daidaita bugunta, sai bugun ya harɗe, mutum ya yanke jiki ya faɗi. Hanta kuma tana juya shi zuwa wani sinadarin da ke daɗewa a jini, shi ya sa haɗarin kan kai kwanaki bayan an sha. Sannan ma'aikacin hantar da ke sarrafa shi, shi ne dai ke sarrafa kodin da taramol, kuma ƙarfinsa ya bambanta daga mutum zuwa mutum. Wato wanda ke neman tsira daga kodin yana cikin waɗanda abin ya fi yi wa barazana. Wani bincike da aka buga a 2012 ya tattara mutuwar mutum 19 tsakanin 1990 da 2008, yawancinsu masu ciwon zuciya ko waɗanda suka haɗa da wata ƙwaya.

Wani zai ce ai masana na bincike a kai. Ƙwarai kuwa. A 2024 masu bincike na Jami'ar Stanford sun fitar da rahoto kan tsofaffin sojojin Amurka 30 da aka ba ibogen a wata cibiya a Meziko. Amma sai da aka tantance lafiyarsu, aka jona musu na'urar auna bugun zuciya, aka sa musu magniziyam ta jijiya don kare zuciyar, likitoci na tsaye. A 2025 jihar Texas ta ware dala miliyan 50 don gwajin asibiti. Idan abin na haɗawa ne a kofin shayi, me zai ci wannan kuɗin?

Yanzu ku dubi mai tacewa a hostal. Bai san ko garin da aka aiko masa na itacen da aka faɗa ba ne. Bai san ƙarfinsa ba, bai san dattin da ya rage a ciki ba, bai taɓa auna zuciyarsa ba. Dattawan Gabon ba sa ɗakin, likitocin Stanford ba sa ɗakin, daga shi sai wayarsa da wani mai bidiyo da ba zai zo jana'iza ba. Mu da muka san zaƙami ai ba sai an yi mana dogon bayani ba. Tsiro ne, a bayan gari yake fitowa, amma wa bai ji labarin wanda ya haukata ba?

Roƙona biyu ne. Na farko, idan wani ya faɗi bayan ya sha irin wannan, kar a tsaya ɗura masa madara ko manja, kar kuma a ɓoye don tsoron hukumar makaranta. A kai shi asibiti nan take, a tafi da ragowar abin da ya sha, a faɗa wa likita gaskiya.

Na biyu, wanda kodin ko taramol ya kama, wallahi akwai hanya. Asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya suna kula da masu shaye-shaye: Yaba a Legas, Aro a Abeokuta, Inugu, Kalaba, Benin, a gida kuma ga Barnawa a Kaduna da Kware da Maiduguri. Ƙanenmu neman fita yake, kunya ce ta hana shi tambaya, ya je ya tambayi intanet. Laifinmu ne mu manya da bai ga fuskar da zai tunkare mu ba. Ƙofata a buɗe take, kuma magana ba za ta wuce tsakaninmu ba.

Iyayenmu sun turo mu nesa ne don mu koma da takarda. Allah ya ba ƙanenmu lafiya, ya shirye mu, ya mayar da mu gida lafiya. A tura wa sauran 'yan uwa.