Murfin da ke Numfashi: Nazari kan Shigar Iska a Kwalaben Irin Laimar Kwaɗi

Tsakure

Maƙalar nan ta yi nazarin murfin kwalbar da ake renon irin laimar kwaɗi a cikinta a gida, musamman jinsin Pleurotus da ake ci, wanda wasu ke kira naman kaza. Ta bi tarihin tace iska, ta kwatanta matatan da masu noman ke amfani da su, sannan ta nuna cewa lafiyar iri ta rataya ne a kan abu biyu: ƙanƙantar huda da bushewar mataci.

Gabatarwa

Irin laimar kwaɗi ba ƙwaya ba ce kamar gero ko wake. Wani farin zare ne mai kama da auduga, wanda ake sawa a kan dafaffen hatsi cikin kwalba, ya yi ta yaɗo har ya lulluɓe kowace ƙwaya cikin mako biyu zuwa uku. Hatsin nan da ya yi fari fat shi ake barbaɗawa a garin katako ko tattakar shinkafa, laimar ta tsiro. James Sinden, masani a jihar Fensilbaniya ta Amurka, shi ya yi rajistar dabarar a 1932, kuma har yau ita ake bi. A Gana da Nijeriya dawa ce ta fi shiga kwalbar.

Zaren nan mai rai ne, yana shaƙar oksijin yana fitar da iskar kabon. In aka toshe kwalbar gam, zai cinye 'yar iskar da ke ciki ya tsaya cik. In aka bar ta a buɗe, hatsin ya zama abincin funfuna da bakteriya. Gaba kura, baya sayaki. Murfi ne kaɗai ke raba wannan gardama.

Asalin dabarar

A 1854, Jamusawa biyu, Heinrich Schröder da Theodor von Dusch, sun tafasa romo, suka bar iska tana shigar masa ta cikin curin auduga, romon bai lalace ba. 'Yan shekaru bayan haka, a Faransa, Louis Pasteur ya yi gwajinsa da tulun gilashi mai lanƙwasasshen wuya: iska na wucewa, ƙura na maƙalewa a lanƙwasar. Gwaje-gwajen biyu sun koyar da abu guda, cewa iska ba ta ruɓar da abinci, ƙwayoyin da take ɗauke da su ne ke yin ɓarnar. A Amurka kuma, a 1858, John Landis Mason ya yi rajistar kwalba mai murfin murɗawa. Murfin da masu noman gida ke hudawa a yau ya haɗa gadon nan biyu: tace iska da murfin murɗawa.

Iska nawa zaren ke buƙata?

Kaɗan ce, kuma a nan mutane da yawa ke tuntuɓe. Binciken da František Zadražil ya wallafa a 1975 ya nuna cewa zaren Pleurotus yana ƙara saurin yaɗo ko da iskar kabon ta kai kashi 20 cikin 100, alhali a sararin waje ba ta wuce kimanin kashi 0.04. Sai lokacin fitar laimar kanta ne ake son iska mai yawa, wannan kuwa a ɗakin noma yake faruwa bayan iri ya bar kwalba. Saboda haka huda ɗaya mai faɗin kimanin milimita 6 ta wadatar da kwalbar lita ɗaya da aka cika kashi biyu cikin uku.

Babbar huda ba ta ƙara wa zaren komai, sai dai ta kwashe damshin hatsin. Ana ganin alamar a saman kwalba: ƙwayoyin dawa sun ƙanƙance, sun yi tauri, farin zaren ya zo gab da su ya ja birki. Inda hunturu ke busa da bushewa da ƙura, kamar Kano ko Damagaram, wannan matsala ta fi tsanani.

Matatai da halayensu

Ƙwayar koren funfuna Trichoderma, babban abokin gabar mai noma, tana da faɗin maikiron 3 zuwa 5, bakteriyar Bacillus kuwa kimanin maikiron 1. Maikiron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita.

Auduga ita ce tsohuwar hannu. Ramukanta sun fi waɗannan ƙwayoyi girma, amma hanyar cikinta ta yi ta karkace-karkace, sai ƙwayoyin su maƙale a jikin zare. Aibinta shan ruwa. Da zarar ta jiƙe ta zama gada, bakteriya su bi damshin su gangara ciki, funfuna ma ya tsiro a kanta. Shi ya sa da yawa suka koma ga zaren poliyesta, irin wanda ake cusawa a matashin kai, domin ba ya shan ruwa. Ana cusa shi ne a hudar da ƙarfi, yadda in an ja ba zai zare da sauƙi ba.

Filastar Micropore ta asibiti tana da araha, ana manna ta ninki biyu a kan huda, amma a kan sake ta duk zagaye. Takardar Tyvek ta kamfanin DuPont ba ta jin ruwa, sai dai tana narkewa a wajen digiri 135, don haka tana iya ɗan tamukewa a tukunyar dafa kwalabe. Mafi tsauri shi ne mataci na PTFE mai ramukan maikiron 0.2, wanda ke tare bakteriya da funfuna gaba ɗaya, a kuma yi ta maimaita amfani da shi.

Shi kansa murfin, na ƙarfe yana yin tsatsa a bakin huda. Na roba mai lamba 5 a ƙasansa, wato folifurofilin, yana jure zafin tukunya.

Sa'ar haɗari

Ana dafa kwalaben a tukunyar matsin tururi, a digiri 121, na kimanin minti 90, domin tafasar ruwa kawai ba ta kashe ƙwayoyin Bacillus da suka ƙulle kansu. Mai lura yakan rufe kowane murfi da takardar alminiyom kafin ya ɗora, don kada ɗigon ruwa ya sauka a kan mataci.

Haɗarin yana zuwa bayan an sauke. Yayin da kwalba ke hucewa, tururin cikinta yana komawa ruwa, sai ta zuƙo iskar waje ta hudar nan. Wannan shi ne numfashi mafi ƙarfi da kwalbar za ta yi, kuma yana faruwa ne lokacin da hatsin ba shi da mai tsaro, tun zaren bai kama ba. In mataci ya jiƙe ko gefensa ya ɗaga, kwana huɗu ko biyar sai ga ɗigon kore. Barin kwalaben su huce a cikin tukunyar a rufe yana rage wannan haɗari ƙwarai.

Wurin da ɓarna ta fara yakan tona asirin mai laifi. Kore a saman hatsi, daidai ƙasan huda, galibi daga murfi ne. Yauƙi da warin tsami a gindin kwalba kuwa sun fi nuna ruwa ya yi yawa ko dahuwa ba ta kai ba.

Kammalawa

Nazarin ya nuna mai noman gida ba ya buƙatar kaya masu tsada kafin irinsa ya yi kyau. Murfin roba mai lamba 5, huda ɗaya ta milimita 6, zaren poliyesta da aka cusa da kyau, da takardar alminiyom lokacin dahuwa sun isa. Bayan kwalba ta huce an sa mata farin zaren, sai a cire takardar don iska ta samu hanya, a ajiye ta inda zafi ke tsakanin digiri 24 da 27, a girgiza ta sau ɗaya idan farin zaren ya ci kashi ɗaya cikin uku na hatsin.