Daga Dandali Zuwa Filin Makaranta a Ƙasar Musawa

Tun kafin allon boko ya iso ƙasar Katsina, yaron Musawa yana da wurin motsa jiki, kuma ba wanda ya gina masa shi. Dandali ne. Idan kaka ta yi, dawa ta shiga rumbu, aka kai auduga kasuwa ta kama hanyar Malumfashi da Funtuwa, sai kalangu ya tashi a yi kalankuwa, samari su kama kokawa, a ɗaure hannu a yi dambe. A daren farin wata yara maza na langa, kowa riƙe da ƙafa ɗaya ta baya yana tsalle, 'yan ƙungiya na kare ruwansu har ya kai ga sha, 'yan mata kuma na gaɗa da carafke. A nan yaro yake koyon shan kaye ba tare da kuka ba, a nan yake sanin sa'o'insa, a nan gajiyar noma da faɗan gida suke fita daga ransa. Makaranta ta zo ta karɓe lokacin yaro daga hannun dandali, amma ba ta karɓi aikin da dandali yake yi masa ba.

Wasannin makaranta sun shigo ta wata ƙofa daban. Kwalejin Katsina, wadda ta soma aiki a 1921, Gwamna Hugh Clifford ya buɗe ta a hukumance a 1922, an tsara ta ne a kan salon makarantun kwana na Ingila, inda ake ganin fili shi ne rabin tarbiyya. Ɗalibanta sun buga kurket, sun kuma buga wasan ƙwallon bango da ake yi da tafin hannu, wanda Turawa ke kira fayif. Ahmadu Bello, da ya yi karatu a can daga 1926 zuwa 1931, ya shahara a wannan wasa, bai kuma bar shi ba har ya zama Firimiyan Jihar Arewa. A daidai lokacin fadar Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ta rungumi ƙwallon dawaki, wanda ɗansa Usman Nagogo ya yi suna a kansa har ƙasashen waje. Da kwalejin ta koma Kaduna a 1938, daga baya Zariya, ta bar wa Arewa wani tsari: a raba ɗalibai gida-gida, a yi wasa kowace yamma, a yi babbar gasa sau ɗaya a shekara. Tsari ne mai kyau, ya horar da mutanen da suka riƙe ƙasa. Sai dai an yi shi ne don 'yan ƙalilan, kuma ya dasa wata fahimta mai illa, cewa wasa na gaskiya shi ne wanda yake buƙatar bango na siminti, ko doki, ko kayan da aka sayo daga nesa. Langa da kokawa aka bar su a bakin ƙofa, ana ganinsu wasan ƙauye.

Illar ta bayyana bayan 1976, lokacin da shirin ba da ilimin firamare kyauta ga kowa ya cika ƙauyuka da makarantu. An samu azuzuwa da filaye masu faɗi, domin a lokacin ƙasa ba ta yi tsada ba, amma kayan wasan da tsarin ya saba da su ba za su ishi kowa ba. Sai wasa ya koma ƙwallo ɗaya ga ɗaruruwan yara da gasar shekara da ake jira a samu mai ɗaukar nauyi. Filin da ba a taka shi kullum kuwa, yau a yanki gefensa a ƙara aji, gobe a ja shaguna, jibi maƙwabci ya matso da iyakar gonarsa.

Za a ce ɗan manomi da ya wuni da fartanya ba ya buƙatar wani ya koya masa motsa jiki. Da gaskiya a ciki, domin sa'a ɗaya ta motsa jiki da Hukumar Lafiya ta Duniya take so yaro ya samu kowace rana, da yawa cikin yaran karkara sun wuce ta da ɗibar ruwa da kiwo kawai. Amma iyayenmu manoma ne su ma, sun fi kowa sanin wahalar gona, duk da haka suka ware wa yara dandali, saboda sun gane aiki yana gina damtse ne, wasa kuma yana sauke nauyin zuciya. Za a kuma ce makarantar da rufinta ke yoyo ba ta da kuɗin wasa. Wannan hujja tana tsayawa ne kawai idan an yarda da tsohuwar fahimtar nan ta cewa wasa sai da kaya. Langa ba ta cin ko kobo, kokawa yashi take so da alƙali mai adalci. Jamhuriyar Nijar ta ɗauki kokawa ta mayar da ita gasar ƙasa tun 1975 a Tawa, har yau takobin da ake ba zakaranta shi ne abin da matasan Maraɗi da Damagaram suke mafarkin samu. Ga masu tsoron kada wasa ya saɓa wa addini kuma, littattafan hadisi da sira sun kawo kokawar Annabi (SAW) da Rukana da tseren da ya yi da Nana A'isha, abin da ya isa ya nuna cewa 'ya mace ma tana da haƙƙin gudu, a wuri killatacce, a hannun malama.

Abin da ya sa maganar ta fi nauyi yau shi ne dandalin kansa ya mutu a wurare da yawa. Tun da 'yan bindiga suka addabi yankin, uba ba ya barin ɗansa ya fita bayan isha'i, kalankuwa ta zama labari. A daren 11 ga Disamba 2020 aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, ba nisa da Musawa, gwamnatin jiha ta rufe makarantun kwana na wani lokaci. Yaran da suka girma cikin wannan firgici suna zuwa aji da abin da malamin lissafi ba zai iya cire musu ba, kuma likitocin ƙwaƙwalwa sun yi ƙaranci ko a birane, balle a ƙauye. Abin da ya rage a hannu shi ne fili a cikin katanga da hasken rana. Shi ya sa nake ganin aikin farko na hukumar ilimi da masu gari shi ne a auna filin kowace makaranta a kafa masa duwatsun iyaka da takarda, a mayar da sa'ar wasa cikin jadawali, a kuma gayyato tsofaffin 'yan kokawa da gwanayen langa na garin, tun suna raye, su koya wa yara ƙa'idojin.