YADDA MUTANEN HOLAN SUKA KARƁO HANYOYINSU DAGA HANNUN MOTA



Dattawanmu sun san zamanin da hanyar ƙofar gida take ta kowa da kowa. Yara na wasa a kanta, 'yan talla na kai da kawowa, tela ya hau kekensa Rali ya tafi kasuwa sayen zare, in lori ta taso kuwa sai direba ya rage gudu ya yi ta busa ƙaho har a ba shi wuri. Yau kuwa ba mai sakin hannun yaro a bakin kwalta. Da yawanmu muna tsammani haka ci gaba yake, watau in gari ya girma tilas mai ƙafa da mai keke su kauce. Don haka muka ga ya kamata a wannan fitowa mu kawo muku tarihin ƙasar Holan, gama su ma mota ta taɓa ƙwace musu hanya, suka tashi suka karɓo abinsu.

Keke ya riga mota zama abin hawan talaka. Cikin 1885 wani Bature mai suna John Kemp Starley ya ƙera keke mai ƙafafu biyu daidai da juna da sarƙa a garin Coventry ta Ingila, irin wanda muke hawa har yau. Cikin 1888 kuma John Dunlop ya fito da taya mai iska. Ƙasar Holan shimfiɗaɗɗiya ce, ba tudu ba gangare, garuruwanta kuwa kusa da juna suke, saboda haka keke ya karɓe su ƙwarai. Kafin Yaƙin Duniya na Biyu, galibin masu zirga-zirga a birnin Amstadam a kan keke suke, ma'aikaci da malami da ɗan makaranta. Da sojan Jamus suka mamaye ƙasar daga 1940 zuwa 1945, ɗaya daga cikin abubuwan da suka fi ɓata wa jama'a rai shi ne ƙwace musu kekuna da aka yi ta yi.

Bayan yaƙi sai arziki ya zo. Albashi ya ƙaru, cikin 1959 kuma aka tono iskar gas mai yawa a lardin Groningen. Wanda duk ya sami hali sai ya sayi mota. Cikin 1960 motocin ƙasar wajen rabin miliyan ne, amma kafin ƙarshen 1970 sun wuce miliyan 2. Masu tsara birane na wannan zamani idonsu yana kan Amurka, suna ganin keke abin matalauta ne, ba da daɗewa ba zai ɓace. Aka mai da dandalin gari wurin ajiye motoci. A birnin Utrecht aka cike wani sashe na tsohon magudanar ruwa da ya kewaye gari shekaru ɗaruruwa, aka shimfiɗa titin mota a kansa. Cikin 1967 wani masanin hanyoyi Ba'amurke, David Jokinen, ya kawo shawara a cike wani babban magudanar ruwa na Amstadam a yi titi mai layi shida, a kuma rushe tsofaffin unguwannin ma'aikata da ke kan hanya. Hawan keke ya yi ta raguwa har ya zama bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu na zirga-zirgar birnin ba.

Sa'an nan aka fara ƙidayar gawa. Cikin 1971 mutum fiye da 3,000 suka mutu a hatsarin hanya a ƙasar, alhali jama'arta duka wajen miliyan 13 ne. Cikin waɗanda suka mutu akwai yara fiye da 400. Ɗaya daga cikinsu 'yar shekara shida ce, mota ta buge ta tana kan kekenta za ta makaranta. Ubanta, Vic Langenhoff, ɗan jarida ne a jaridar De Tijd. Cikin 1972 ya rubuta a jaridarsu yana kiran iyaye su haɗa kai, ya sa wa abin suna Stop de Kindermoord, watau a daina kisan yara. Ya zaɓi wannan kalma mai nauyi da gangan, don a daina cewa tsautsayi ne kawai. Wata matashiyar uwa a Amstadam, Maartje van Putten, ita ta zama shugabar ƙungiyar ta fari.

Mutanen nan ba su da makami, ba su kuwa da kuɗi. Abin da suka yi shi ne su tare titin unguwa rana guda, su fito da tebura da kujeru su ci abinci a tsakiyar kwalta, yara na wasa a gefe, don kowa ya tuna yadda hanya take kafin mota. Suka riƙa tsayawa a wuraren da aka kashe mutane. A unguwar De Pijp yara da kansu suka nemi a ba su titin wasa. Daga baya dubban mutane suka taru a filin da ke gaban babban gidan tarihi na Amstadam, suka kwanta a ƙasa da kekunansu kamar matattu. Ba su tsaya ga zanga-zanga kaɗai ba. Suka zauna da injiniyoyi suka zana yadda suke son titin unguwarsu ya kasance, suka kai wa 'yan majalisa a rubuce.

A lokaci guda kuma ana wata gwagwarmaya a tsohuwar unguwar Nieuwmarkt, inda hukumar gari ta yi niyyar haƙa hanyar jirgin ƙasa ta ƙarƙashin ƙasa, ta kuma shimfiɗa babban titin mota a bisa. Cikin 1972 majalisar birni ta ƙi yarda da titin, da rinjayen ƙuri'a ɗaya tak. Aikin jirgin dai bai tsaya ba, har cikin 1975 aka yi arangama tsakanin 'yan sanda da mazauna unguwa a kan rushe gidaje. Amma da aka gama haƙa, sai aka sake gina gidajen zama a kan tsofaffin layukan unguwar, babban titin kuwa ba a yi shi ba har yau.

Ana cikin haka sai ga yaƙin Oktoba 1973 tsakanin Larabawa da Isra'ila. Ƙasashen Larabawa masu man fetur suka hana sayar wa Holan mai. Firayim Minista Joop den Uyl ya gaya wa jama'a ta telebijin su shirya canja halin zamansu. Daga ran 4 ga Nuwamba 1973 gwamnati ta hana hawan mota kowace Lahadi, aka yi Lahadi goma a jere. Mutane suka fita da kekuna a kan manyan titunan da aka yi don mota kaɗai, yara suka yi ta wasa a kai. Wanda bai taɓa jin garinsu shiru ba ya ji. Wannan ya ƙarfafa masu neman gyara, cikin 1975 kuma aka kafa ƙungiyar mahaya keke ta ƙasa baki ɗaya, wadda ake kira Fietsersbond yanzu.

To, ga abin da aka yi a aikace. A garin Delft aka fara wani irin titin unguwa da suke kira woonerf, watau kamar a ce tsakar gidan unguwa. Mota tana iya shiga, amma a matsayin baƙuwa. Ba ta gudun da ya fi tafiyar ƙafa da yawa, ba ta tsayawa sai inda aka zana mata, mai ƙafa yana da ikon bin ko'ina, yara suna da ikon wasa. Ana dasa itatuwa, ana karkata hanya, don direba ko yana so ba shi iya gudu. Cikin 1976 gwamnati ta sa wannan cikin doka. A garin Groningen kuwa, cikin 1977, majalisa ta raba tsakiyar gari kashi huɗu. Mai mota ba shi iya ƙetarawa daga wannan kashi zuwa wancan sai ya fita ya kewaya ta hanyar bayan gari, amma mai ƙafa da mai keke da bas suna wucewa kai tsaye. 'Yan kantuna suka yi ta kuka cewa ciniki zai mutu. Ciniki bai mutu ba, yau kuwa Groningen tana cikin garuruwan da aka fi hawan keke a duniya. Sannu a hankali sauran garuruwa suka gina hanyoyin keke dabam da na mota, da dakali a tsakani, ba zanen fenti kawai ba. Daga 1997 aka yi ta mai da titunan unguwanni na gudun kilomita 30 a sa'a. Dalili kuwa, mutumin da mota ta buge tana gudun 30 galibi yakan rayu, amma in ta kai 50 ko ta wuce, haɗarin mutuwa yakan ninka sau da yawa.

Yanzu kekunan Holan sun fi mutanenta yawa, hanyoyin keke sun kai wajen kilomita 35,000, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na tafiye-tafiyen jama'a kuma a kan keke ake yinsu. Masu mutuwa a hanya ba su kai 800 a shekara ba, ko da yake jama'a da motoci sun ƙaru ƙwarai, yaran da ke cikinsu kuwa ba su kai 50 ba. A Utrecht aka fasa titin nan, cikin 2020 ruwa ya koma magudanarsa. Cikin Disamba 2023 Amstadam ta mai da galibin titunanta na gudun 30. Kada kuwa a ce sun yar da mota, suna da ita miliyoyi. Ba a kuma ce aiki ya ƙare ba, gama a 'yan shekarun nan mahaya keke, musamman tsofaffi, su ne suka fi yawa cikin masu mutuwa a hanya, ana kuwa ta muhawara a kan haka.

Abin da ya sa muka ɗauko wannan dogon labari, mu ma a nan Gana mun ga irinsa da idonmu. Tun da aka buɗe babban titin Ankara zuwa Tema cikin 1965, manyan tituna suke ta ƙaruwa, waɗansu kuwa ta tsakiyar mazaunin jama'a suka ratsa. Cikin 2012 aka buɗe titin da ya tashi daga Tetteh Quarshie zuwa Mallam, mai tsawon kilomita 14, ya raba kasuwa da masu cinta a Lapaz. A kan titin Madina zuwa Adenta an fara gadojin ƙetarawa aka bar su ba a gama ba shekara da shekaru, mutane na ta mutuwa wajen tsallakawa. Ran 8 ga Nuwamba 2018 mota ta kashe wata ɗalibar sakandare a Adenta, jama'a suka tare titi suka ƙona tayoyi. Bayan wannan ne aka ba da aikin gadoji shida, har da ta mahadar Zango a Madina, aka gama su. Cikin 2021 mutum kusan 3,000 suka mutu a hanyoyin ƙasar nan.

Gadojin sun ceci rayuka, ba mu musu. Amma a lura da bambanci. Mu an ɗauke mai ƙafa aka hau da shi sama don kada mota ta rage gudu, tsohuwa da kaya a ka ta yi ta hawa da sauka. Su kuwa mutanen Holan, a cikin gari motar suka rage wa gudu, babban titi kuma suka fitar da shi bayan gari. Doka ma tana wajenmu, gama dokar hanya ta Gana ta 2012 ta ce kada a wuce gudun kilomita 30 a kusa da makaranta da asibiti da kasuwa da masallaci da coci. Wanda ya je Tamale kuma ya ga hanyoyin keke da babur a gefen manyan tituna, mata da maza na hawa ba wanda ya ga abin kunya ne.

Har wa yau akwai abin da muke da shi wanda masu tsara birane na Turai suke nema da kuɗi yanzu. A Nima ko Sabon Zango ko zangunan Kumashi, mutum yana fita da ƙafa ya sami masallaci da makaranta da mai koko da tela da mahauci, duk bai yi tafiyar minti goma ba. Kakanninmu ne suka zauna haka. Gaskiya ne muna bukatar magudanar ruwa, muna bukatar hanyar da motar asibiti da ta kashe gobara za su shiga, kada wanda ya ce lungu ba shi da aibi. Amma hanyar shigar motar asibiti dabam, titin da zai raba unguwa biyu ya kori mutane daga gidajensu dabam.

Saboda haka muna roƙon sarakunan zango da limamai da shugabannin mata da na samari, duk ran da aka zo da takardar sabon titi ko faɗaɗa tsoho, kada a bari sai an zuba kwalta kafin a yi magana. A je zaman majalisar gunduma a tambaya a rubuce: ina yaro zai ƙetare, ina mai keke zai bi, gudun nawa aka yarda, gida nawa za a rushe, ina masu shi za su koma. A nemi tudun rage gudu da fitila da alamar ƙetarawa a ƙofar kowace makaranta. Direbobinmu na tasi da trotro da masu babur, ku ma 'ya'yanku ne ke bakin hanya. Mutanen Holan sai da suka binne yara fiye da 400 a shekara guda kafin su tashi, mu kuwa labarinsu ya riga ya iso mana, rigakafi kuwa ya fi magani.

Allah ya kiyashe mu da 'ya'yanmu a kan hanya, amin.